Tambaya da Amsa: Yawon Ƙafa a Bakin Ruwa, Cikin Daji da Kan Dutse

Wasiƙun wannan wata yawancinsu daga masu son fita yawon ƙafa ne, ba 'yan tsere ba, ba kuma masu hawan tsauni da igiya ba. Mun haɗa amsoshin tare da masu rakiyar baƙi da ma'aikatan lafiya.

Tambaya: Ni ma'aikacin ofis ne, shekarata 44, kullum daga mota sai kujera. Likita ya ce in riƙa motsa jiki, amma zagaya filin ƙwallo ya gundure ni. Ina so in fara hawan dutse. Ta ina zan fara, kuma yaya ake gane hanya mai sauƙi? Daga wani magidanci a Hotoro, Kano.

Amsa: Malam, ba sai ka bar gari ba, ga Dala nan. Akwai matakala ta siminti har sama, kuma mita 534 da ake rubutawa a matsayin tsayinsa daga doron teku aka auna. Birnin Kano kansa ya haura mita 450, don haka abin da ƙafarka za ta hau bai kai yadda lambar take tsoratarwa ba. Mai matsakaiciyar lafiya yana kaiwa sama cikin kwata ɗin awa, har da tsayawa shan iska. Saman a baje yake, kana hango tsohon birni da Goron Dutse, a wurin da tarihi ya ce Barbushe yake hawa ya gana da Tsumburbura. Ka je da safe, kai da wani. Da almuru wurin yana yin shiru, ba ma ba da shawarar hawa a lokacin.

Sai dai kada Dala ya zama aikin ranar farko. Ka yi mako biyu kana tafiyar minti talatin a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, kwana biyar a mako. Wannan shi ne minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya take so babba ya samu. A mako na uku ka hau. Ma'aunin sauri kuwa a bakinka yake: idan kana iya yi wa abokin tafiya magana jimla guda ba tare da yankewar numfashi ba, kana daidai. Idan sai kalma ɗai-ɗai take fita, ka rage.

Hanyar da muke kira mai sauƙi ita ce wadda zuwa da dawowa ba su wuce kilomita shida ba, hawan da ke cikinta bai wuce mita 200 ba, ana ganin sawun mutane a kanta, kuma babu inda sai ka dafa da hannu kafin ka wuce. Akwai sharaɗin da mutane suke mantawa, alhali ya fi sauran: duk inda kake a kanta, rabin awa ya fitar da kai titi ko ƙauye. Lissafin lokaci ma yana da tsohuwar ƙa'ida, wadda wani ɗan Sikotland mai suna Naismith ya kawo a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita biyar, a ƙara minti goma ga kowane mita ɗari na hawa. Wannan na ƙasar sanyi ne da mutanen da suka saba. Kai ka ɗauki kilomita huɗu a awa, ka ƙara na hawan, sannan ka ɗora kashi ɗaya cikin uku saboda hutu. Hanya mai kilomita huɗu da hawan mita 150 za ta ci maka kamar awa ɗaya da minti arba'in.

Idan ƙafa ta saba, Kufena a Zariya shi ne mataki na gaba. Can babu matakala, falalen dutse ne, sai ka samu ɗan gari daga ɓangaren Wusasa ya nuna maka inda ake bi. Wanda kuma ba ya son hawa ko kaɗan, duwatsun Birnin Kudu a Jigawa tafiya ce kusan a miƙe, ga zanen shanu na mutanen da a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa.

Tambaya: Muna zaune a Abuja. Ina so in kai yarana uku Gurara a hutun watan Agusta, babbansu shekara 11, ƙaramar shekara biyar. Maigida ya ce akwai haɗari. Ku raba mana gardama. Daga wata uwa a Kubwa.

Amsa: Hajiya, ku duka kuna da gaskiya, magana ce ta wata da kuma inda za a tsaya. Gurara tana kan hanyar Suleja zuwa Minna, ruwan yana zubowa daga tsayin kusan mita 30, kuma a Agusta ya fi kyawun gani domin kogin a cike yake. A wannan watan kallo ake yi daga sama, inda ake ajiye motoci, a ci abinci a dawo. Sauka ƙasa bakin ruwa da yara kuwa sai daga Disamba zuwa Maris, lokacin da ruwa ya ja, yashi da duwatsu suka fito suka bushe.

Abin da yake kayar da mutane a irin wannan wuri ba tsayi ba ne, jiƙaƙƙen dutse ne. Feshin ruwa yana sa gansakuka ta kama dutsen, baƙa ko kore-kore, santsinta kamar na miyar karkashi. Dutsen da ya yi fari-fari busasshe ne, a taka. Wanda ya yi duhu yana sheƙi, a kewaye shi, ko da takalmi mai kyau ne a ƙafa. Yawancin masu zamewa kuma suna ja da baya ne don hoto ya ɗauko ruwan, idonsu yana kan waya. A zaɓi wurin tsayawa tukuna, a tsaya, sannan a fito da waya.

Na biyu, ruwan kogi yana iya tasowa alhali ko ɗigo bai sauka a inda kuke ba. An yi ruwa ne can sama, nisan kilomita masu yawa, ko kuma an saki ruwa daga madatsar da ke saman kogin a Jihar Kaduna. Alamominsa ba sa ɓuya ga mai lura: ruwan ya fara yin ja, ganye da karare suna wucewa, ƙarar ta canza, dutsen da kuka gani a waje ɗazu ya nutse. Da ganin ɗaya daga cikinsu a hau sama, a bar tabarma da kula idan ta kama. Ruwa mai gudu da bai wuce idon sawu da kaɗan ba yana iya kwashe ƙafar babba, balle yarinya mai shekara biyar.

Gindin da ruwan yake zubowa ba wurin iyo ba ne ko da rani. Farin ruwan nan mai kumfa cike yake da iska, ba ya ɗaga jiki kamar ruwa na sosai, kuma yana juyawa ya mai da mutum ƙarƙashin zubar. Gwanayen iyo ma suna halaka a irinsa. Idan wani ya faɗa, kada a bi shi. A kwanta rub da ciki a kan busasshen wuri a miƙa masa doguwar sanda ko zane, ko a jefa masa jarka marar komai da murfinta a rufe. Muna ba iyaye shawara su sa jarkar da igiya mai mita goma a bayan mota, kuɗinsu bai kai na lemon da za a sha ba.

Yara uku suna buƙatar manya biyu, kuma a raba tun daga gida wa yake kula da wa. Inda manya suka yi yawa kowa yana zaton wani ne yake kallo, nan yaro yake sulalewa. Ƙaramar kada ta wuce inda hannunki zai kai.

Tambaya: Mu ɗalibai ne shida, muna so mu hau duwatsun Shere ranar Asabar. Ba mu taɓa zuwa ba. Daga wani ɗalibi a Jos.

Amsa: Ɗan'uwa, Shere ba dutse ɗaya ba ne, jerin duwatsu ne a gabashin Jos, mafi tsayinsu ya kai mita 1,829 daga doron teku. Ƙololuwar ba ta sabon shiga ba ce, akwai rarrafe da ratsawa tsakanin manyan duwatsu. Ku fara da gindinsu ta wajen madatsar Lamingo, inda hanyoyin manoma suke a fili, ku hau ɗaya daga ƙananan tuddai ku dawo. Ranar da kuke son ƙololuwa ku nemi mai rakiya. Cibiyar horar da shugabanci ta gwamnatin tarayya tana nan a Shere, kuma mutanen ƙauyukan gindin dutsen sun san kowace kwana.

Jos ba ta rasa wurare masu sauƙi. Dajin Amurum kusa da Laminga yana da hanyoyin ƙafa da suka ratsa kurmin rafi da fili da duwatsu, amma wurin binciken tsuntsaye ne mai alaƙa da Jami'ar Jos, sai da izini ake shiga. A can ake ganin wani ɗan jan tsuntsun dutse da masana ba su tantance shi a matsayin jinsi na daban ba sai a 1998. Ga kuma ruwan Assop a kan hanyar Akwanga, wajen Hawan Kibo, tafiya kaɗan daga titi.

Abu uku ne suke ɓata wa mutane fita a tsaunin Filato. Na farko tsawa. Da damina hadari yakan haɗu bayan azahar, wani lokaci har da ƙanƙara, saboda haka ku fita ƙarfe bakwai, sha biyu ta same ku a ƙasa. Idan kun ga walƙiya ku ƙirga daƙiƙu har ku ji tsawar. Kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce. Ƙasa da talatin, kuna cikin haɗari: ku sauka daga saman dutse, ku nisanci bishiyar da take tsaye ita kaɗai da bakin kogo, ku warwatsu kada ku dunƙule wuri ɗaya. Mota mai rufin ƙarfe ta fi rumfa tsaro. Sai an yi rabin awa da tsawar ƙarshe a ci gaba.

Na biyu tsofaffin ramukan kuza. Kududdufan nan masu kwantaccen ruwa gwanin sha'awa gefensu a tsaye yake, zurfinsu yana farawa daga taku na biyu, ƙasansu laka ce mai sanyi. Ba a wanka a ciki. Akwai kuma ƙananan rijiyoyin masu haƙa da ciyawa take rufewa, shi ya sa ba a yanke ta cikin ciyawa don a rage hanya.

Na uku ɓata. Duwatsu suna kama da juna, kuma hanyar da ka hau ba ta kama da kanta idan ka juyo. A kowace mararraba ku waiwaya ku kalli yadda wurin yake ta fuskar dawowa, ku ɗauki hoto. Mafi rauni a cikinku ya shige gaba, mafi ƙarfi ya tsaya baya. Ku yanke lokacin juyawa tun kafin ku tashi, idan ya yi ku juya, ko da saura ƙiris ku kai.

Tambaya: Ruwa nawa zan ɗauka? Kuma ana iya fita da azumi? Daga wani mai karatu a Sakkwato.

Amsa: Malam, da sanyin safiya ko lokacin hunturu, rabin lita a kowace awa, wato ledar fiya wata ɗaya. Da bazara ka ninka. Ka ƙara rabin lita da ba za ka taɓa ba sai idan an samu jinkiri. A sha kaɗan-kaɗan duk kwata ɗin awa, kada a jira ƙishirwa. Hunturu yana yaudara, domin busasshiyar iska tana shanye gumi kafin ka gan shi, sai mutum ya ɗauka bai rasa komai ba. Fitsari ne shaida: idan ya yi duhu kuma kaɗan ne, ana bin ka bashin ruwa.

A Sakkwato daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, don haka tafiyar ta zama daga bayan asuba zuwa ƙarfe tara, shi ke nan. Gumi yana tafiya da gishiri, shi ya sa wani yake shan ruwa da yawa amma ƙafarsa tana ɗaurewa. Ka riƙe ƙunshin gishiri da sukari na kemis, ko ka haɗa da kanka: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli da lemon zaƙi sun isa guzuri. Tuwo ko shinkafa mai maiƙo kafin hawa nauyi kawai suke ƙarawa.

Ciwon kai, jiri da tashin zuciya alamar zafi ya fara cin mutum ne: inuwa, a sassauta tufafi, a jiƙa jiki, a sha ruwan gishiri da sukari. Idan ya fara sambatu ko ya rikice, wannan ya wuce hutu. A kwara masa ruwa, a yi ta fifita, a nufi asibiti ana ci gaba da sanyaya shi a hanya, kuma kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa komai a baki.

Da azumi a bar dutse. Minti talatin a miƙaƙƙiyar hanya kusa da gida, gab da magariba ko bayan tarawihi, ya wadatar.

Tambaya: Tsoron maciji ne ya hana ni fita. Me zan yi idan ya sari wani muna cikin daji? Daga wata malamar makaranta a Gombe.

Amsa: Malama, tsoronki yana da tushe, domin yankinku na kububuwa ne, kuma asibitin masu saran maciji na Kaltungo ba a banza aka kafa shi ba. Amma waɗanda take sara yawanci manoma ne da makiyaya masu aiki da hannu cikin ciyawa, ƙafa babu rufi. Mai tafiya a tsakiyar hanya da rana, da rufaffen takalmi da dogon wando, haɗarinsa kaɗan ne ƙwarai. Kububuwa ƙarama ce, da wuya ta wuce kamu ɗaya da rabi, launinta ya saje da ƙasa da tsakuwa, kuma idan ta ji tsoro tana goga jikinta ya ba da wani sauti kamar ruwa a kan wuta. Ta fi yawo da magariba da dare, musamman farkon damina da lokacin girbi. Kasa ita ba ta gudu, kwanciya take yi a gefen hanya ta dogara da ɓoyon launinta.

Ki riƙe sanda kina bubbuga gabanki inda ciyawa ta rufe. Kada a tsallake gungume ko dutse ba a ga bayansa ba, a hau kai a duba sannan a sauka. Kada a cusa hannu a tsaga ko rami, kada a ɗaga dutse da hannu, wannan ya haɗa da kunama. Idan an ga maciji a ja da baya a ba shi hanya. Masu ƙoƙarin kashewa suna cikin waɗanda aka fi sara.

Idan ƙaddara ta faɗa, a matsa daga wurin, a kwantar da mutumin. A cire zobe, awarwaro, agogo da takalmi kafin kumburi. A ɗora wa ƙafar ko hannun sanda a ɗaure sako-sako don kada ya motsa, a ɗauke shi, kada ya taka idan da hali. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure jijiya tamau, ba a ɓata lokaci da baƙin dutse ko jiƙo. Ɗaurin nan na tamau ya jawo an yanke ƙafafun da dafin bai isa ya lalata ba. Don zafi a ba da farasitamol kaɗai. Asfirin, ibuprofen da diclofenac suna ƙara zubar jini, dafin kububuwa kuwa aikinsa ke nan, hana jini daskarewa.

Babban kuskure shi ne a ga mutum yana magana yana dariya a koma gida. Jinin yana iya ɓallewa bayan awoyi ko washegari, ta dasashi, ta fitsari, ko a cikin kai. A asibiti ana zuba jininsa a tsabtatacciyar kwalba a jira minti 20, idan bai daskare ba an san yana buƙatar allurar kashe dafi. Ba kowane asibiti yake da ita ba, don haka kafin a fita a san inda take. Ban da Kaltungo akwai asibitin Zamko a ƙasar Langtang. Idan kuma gamsheƙa ce ta yi tofi a ido, a wanke da ruwa mai yawa na tsawon kwata ɗin awa, kada a murza, a tafi asibiti.

Tun da ana maganar abin da yake cizo: ƙudan zuma suna kafa saƙa a tsagar duwatsu, kuma turare mai ƙarfi da hayaniya suna tayar da su. Ranar hawan dutse a haƙura da humra. Idan sun taso a rufe fuska a yi ta gudu a miƙe, kada a tsaya ana kaɗa hannu.

Tambaya: Bayan mun je yawo bakin dam da yara sun yi wanka, wata biyu ke nan, yanzu ɗana yana ganin jini a ƙarshen fitsari. Kakarsa ta ce girma ne. Daga wani uba a Kura.

Amsa: Malam, a yi wa Iya bayani cikin ladabi, amma ba girma ba ne, alamar tsargiya ce. Ƙwayar cutar tana fitowa daga ƙananan katantanwa da suke zaune a kwantaccen ruwa, irin na dam, tafki da magudanar noman rani, ta huda fata ta shiga ba tare da an ji ba. Ba sai an sha ruwan ba. A kai shi a gwada fitsari, shi da duk yaran da suka shiga, har waɗanda ba su ga jini ba. Maganin praziquantel ne, ana ba da shi gwargwadon nauyin yaro, bayan ya ci abinci. Idan aka bar ta shekaru tana lalata mafitsara da ƙoda. Maganin ba ya hana sake kamuwa, saboda haka yawo na gaba a tsaya a gaɓa, a tafi da ruwan wanke hannu da na alwala daga gida.

Ruwa mai gudu shi ma yana da nasa: wani ɗan baƙin ƙuda mai cizo da rana, wanda yake yaɗa cutar makanta ta bakin kogi. Mai ziyarar yini ɗaya ba kasafai yake kamuwa ba, sai wanda ya daɗe ana cizonsa, amma dogon wando da safa suna rage ƙaiƙayi.

Tambaya: Shekarata 67, ina da ciwon sukari, gwiwata ta dama kuma tana damuna. Jikokina suna so in riƙa bin su. Daga wani dattijo a Kaduna.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ka bi su, amma kai za ka zaɓi wuri. Lambun Gamji a bakin Kogin Kaduna ya dace da kai: ƙasa a shimfiɗe, ga inuwa, ga wurin zama, ga tsohuwar gadar ƙafa ta Lugga da aka fara kafawa a Zungeru a 1904 kafin a ɗauko ta. Minti ashirin ya isa a farko.

Gwiwa ba hawa take tsoro ba, gangara ce, domin nan take tare nauyin jiki a kowane taku. Idan ka tarar da tudu ko matakala, lafiyayyar ƙafa ce take fara hawa, mai ciwon ce take fara sauka. Taku gajere, gwiwa a ɗan lanƙwashe, a gangara a karkace maimakon a miƙe. Sandar ta zama a hannun hagu tunda dama ce mai ciwo, tsawonta ya kai inda wuyan hannunka yake idan ka tsaya ka saki hannu.

Kada ka sha magani ko ka yi allura ka fita ba ka karya ba. Ka sa dabino uku ko sukari ƙaramin cokali uku a aljihu. Idan ka ji rawar jiki, gumi mai sanyi ko ganinka ya dushe, ka zauna ka ci, ka jira kwata ɗin awa, idan bai sake ka ba ka ƙara. Jikokin su san wannan tun kafin a fita. Da an dawo a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, saboda mai sukari yana iya taka ƙaya bai ji ba, ƙaramin rauni kuma ya zama gyambo. Nauyi a ƙirji ko numfashin da ya ƙi dawowa bayan hutu, wannan na asibiti ne a ranar.

Tambaya: Ina son daji na gaske. Zan iya ajiye mota a bakin Falgore in shiga da ƙafa? Daga wani matashi a Tudun Wada.

Amsa: A'a, ɗan samari. Falgore gandun daji ne na gwamnati, ba a shiga sai da izini da ma'aikatan gandun. Ban da haka, kowa ya san 'yan bindiga sun sha fakewa a manyan dazuzzuka irin su Falgore, Kamuku da Rugu, kuma halin tsaro yana canzawa daga wata zuwa wata. Labarin wanda ya je bara ba hujja ba ce. A tambayi mutanen wurin da jami'an tsaro a makon da za a tafi, idan suka yi jim kafin su amsa, a fasa.

Yankari a Bauchi ta fi dacewa da abin da kake nema. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita 2,200, ana kwana a sansanin Wikki, a sauka matakala zuwa ruwan da ɗuminsa yake digiri 31 dare da rana. Kogunan Marshall da aka fafe a jikin dutse suna buƙatar 'yar tafiyar ƙafa, amma da ma'aikaci ake zuwa, domin dajin giwaye ne da ɓauna. Gwaggon biri a sansanin ya san leda ya san jaka, kada ka riƙe abinci a fili, kada kuma ka yi kokawa da shi idan ya fizge.

Ko ƙaramin kurmi ne a bayan ƙauye, a fara da gaida mai unguwa, a faɗi abin da ya kawo ku, a nemi ya haɗa ku da ɗan rakiya, a yi ciniki kafin a tashi. Shi zai gaya muku dutsen da ba a hawa, gonar da ba a ratsawa, da gulbin da yake da kada ko dorina. Idan kun haɗu da garke ku yi sallama daga nesa ku tsaya gefe, kada ku raba shanu biyu, kada ku gudu don kare. A bar wa wani a gida sunan wurin da lokacin dawowa, a cika waya da caji, a riƙe lambar gaggawa 112 duk da ba ko'ina sabis yake kaiwa ba. Hotuna a ɗora su bayan an dawo. Daga Disamba zuwa Fabrairu mafarauta suna cinna wa daji wuta. Idan ta tunkaro ku kada ku hau tudu, wuta ta fi gudu a hawa. Ku nufi falalen dutse, yashin rafi, ko inda ya riga ya ƙone.

Tambaya: Wane takalmi da kaya zan sa? Ba na fita sai da hijabi. Daga wata budurwa a Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, kambas mai ƙasan roba da zane-zane ya isa, ba sai kin sayi but mai tsada ba. Silifas da takalmi mai sumul ɗin ƙasa su ne ba a so. Ki gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ki sa, ya zama akwai sararin faɗin babban yatsa a gaba, in ba haka ba farce zai yi ta dukan takalmi a gangara har ya yi baƙi. Ki yanke farce, ki yi sati kina yawo da shi a gida kafin fita.

Hijabi ba ya hana komai, a zaɓi wanda ya tsaya a gwiwa, mara nauyi, mai haske, a sa wando mai kauri a ciki. Mai jan ƙasa yana rufe miki inda za ki taka, yana kwasar ƙarangiya, kuma ana take shi a hawa. Jakar goyo ta fi ta hannu don hannuwa biyu su zama a sake. Da kaka ki kula da karara a kurmin rafi, kwanson nan mai gashi launin ƙasa. Idan ya taɓa ki kada ki sosa, ki manna filasta ki ɗaye ya kwashe gashin, sannan ki wanke da sabulu. Filastar nan ita ce kuma ta bororo: da kin ji wani wuri a dunduniya ya fara zafi ki tsaya, ki busar da ƙafar, ki manna kafin ya tashi. Idan ya riga ya tashi kada ki ɓare fatar, ki rufe shi a haka ki sassauta igiyar takalmin ta wannan gefen.